Yadda Ake Gasa Ƙananan Kek Masu Ƙamshin Shayi a Gida, Ko Babu Oben

Tun da damina ta kankama ake ta tambayata yadda ake yin ƙananan kek ɗin nan da ake gasawa a 'yan kofuna, masu ƙamshin kayan shayi. Wata ta ce ta gwada sun fito da ɗaci, wata ta ce nata sun tashi da kyau sannan suka lotsa a tsakiya, da yawa kuma cewa suke ba su da oben ɗin ma gaba ɗaya. To ga shi dalla-dalla, a kan ma'aunin guda 12.

Kek ne na zaman gida: ranar da ruwa ya hana fita, ko maigida ya shigo a gajiye daga cunkoson titin Ikorodu, ko yara sun dawo daga Islamiyya a jiƙe. Ba ya buƙatar ado mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne ƙamshi, kuma rabin ƙamshin yana cikin madarar da aka jiƙa ganyen shayi a ciki, ɗaya rabin yana cikin kayan da aka daka a ranar. Wadda ta tsallake waɗannan biyun ta yi ta ƙara kirfa, kek mai kirfa za ta samu, ba mai shayi ba. Sai kuma zafi da danshin Legas, waɗanda za ki ga ina ta ambatonsu a kusan kowane mataki, don su ne suka fi ɓata wa mata aiki a garin nan.

Kayan aiki

Ba sai kin sayi miksa ba. Roba mai zurfi guda biyu, cokalin katako wanda bai taɓa shiga miya ba, rariya mai laushi, matacin shayi, ƙaramar tukunya, turmin daka kayan yaji, da farantin gashi mai gurbi 12 tare da takardunsa. In babu farantin, ana sayar da 'yan kofunan alminiyam ɗai-ɗai, su ne ma suka fi dacewa da mai gashi a tukunya. Takardar ita kaɗai ba ta tsayuwa, ƙullun zai baje ta.

In akwai abin da zan ce ki kashe wa kuɗi, ƙaramin sikelin kicin ne. Awon gwangwani yana yi, na kuma rubuta shi a ƙasa, amma hannun kowa daban: wata ta danna fulawa, wata ta yi mata tozo, sai a tashi da kek iri biyu daga ma'auni ɗaya.

Kayan haɗi

Gwangwanin da nake nufi shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, mai ɗaukar kusan mililita 150.

- Fulawa giram 190, wato gwangwani biyu da rabi, a shafe bakinsa ba a danna ba
- Sukari giram 180, gwangwani ɗaya da rabi ba a cika sosai ba
- Bota giram 115
- Ƙwai manya 2
- Bakin hoda cokalin shayi 1 da rabi
- Gishiri kwatan cokalin shayi
- Madara mililita 150
- Baƙin shayi ƙulli 3, ko cokalin shayi 3 na ganyen da ba a ƙulla ba
- Kirfa, abin da zai ba da cokalin shayi 1 bayan daka
- Busasshiyar citta, ita ma kusan cokalin shayi 1
- Kadamon kore ƙwaya 8, shi ne Larabawa ke kira hel
- Kanumfari ƙwaya 3 ko 4
- Masoro ƙwaya 5
- Gyaɗar ƙamshi, ɗan abin da za ki goga sau uku ko huɗu a magogi

Filebon banila in kina so, rabin cokalin shayi ya isa. Ni barinsa nake yi, don yana danne kadamon. Kimba kuma, duk da tana shiga shayin wasu da kunun zaƙi, ki bar ta a wurinta. Ƙamshin hayaƙi gare ta, ƙwayoyinta kuma da ɗaci, ba ta jituwa da bota.

Inda za ki saya, da lissafin kuɗi

Citta, kanumfari da masoro, masu kayan yaji namu suna da su a Mile 12, Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. Yawancin cittar daga kudancin Kaduna ake kawo ta, wajen Kachia, kuma tana da ƙarfi sosai, shi ya sa ban ce a wuce cokali ɗaya ba. Ki sayi komai ɗungurungum ɗinsa, kada ki sayi gari. Garin da ya yi makonni a buɗe a iskar Legas ƙamshinsa ya riga ya tafi, ba ki kuma san abin da aka haɗa a ciki ba. Ki karya citta ɗaya ki shinshina a gaban mai kayan. In kika ga farin fumfuna a jikinta ko ta lanƙwasa maimakon ta karye, ta sha danshi, ki matsa gaba.

Kadamon ne zai ɗan wahalar da ke. Ana samunsa a manyan kantuna da shagunan Indiyawa na wajen Ilupeju, wani lokaci da wurin masu sayar da dabino da kayan Saudiyya. Yana cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya, amma ƙwaya 8 kawai kike buƙata, don haka ki sayi ƙullin da ya fi ƙanƙanta. Ki zaɓi mai koren ɓawo wanda bai dusashe ba. Fulawa, bota, takardu da kofuna kuwa kowane shagon kayan kek na unguwa yana da su, in kuma da yawa za ki saya, Oke-Arin a cikin Island ya fi sauƙi.

Farashi a garin nan ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, don haka lissafin rabo ya fi amfani. Fulawa kilo 1 za ta yi miki wannan ma'aunin sau 5. Bota mai giram 250 sau 2, da ɗan saura na shafawa. Kiret ɗin ƙwai mai 30 sau 15. Ki raba kuɗin kowanne haka, ki tara, ki ƙara na gas, sannan ki raba 12, kin san abin da kowane kek ya ci. Bota ta ainihi ita ce za ta fi cin kuɗin, sai ƙwai. In aljihu bai kai ba, majarin ɗin gashi mai tauri yana yi, ɗanɗanon ne kawai zai ɗan ragu, kuma kayan ƙamshin suna rufe masa asiri.

Hattara: majarin mai laushi na shafa wa burodi ruwa ya yi masa yawa, kek ɗinsa yakan fito a danƙare. In kuma majarin ɗinki mai gishiri ne, ki cire gishirin da ke cikin ma'auni.

1. Ki gwada bakin hoda da ƙwai tun kafin komai

Rabin cokalin shayi na bakin hoda a cikin ruwan zafi kaɗan. In ya taso da kumfa nan take yana shuuu, yana da rai. In ya kwanta shiru, ya mutu, kuma babu yawan bugun da zai tayar da kek ɗinki. Gwangwanin da aka buɗe aka bari a kicin mai danshi yana iya mutuwa tun kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba. Ƙwai kuma ki saka su a kofin ruwa: wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya taso sama ki zubar.

2. Soya kayan ƙamshi da daka su

Ki fasa kadamon ki fitar da baƙaƙen ƙwayoyin ciki, amma kada ki zubar da ɓawon, yana da aiki a gaba. Ki kakkarya kirfa da citta ƙanana. Ki ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, ki zuba kirfa, citta, ƙwayoyin kadamon, kanumfari da masoro, kina juyawa minti ɗaya zuwa biyu. Da zarar ƙamshi ya bugi hancinki ki juye su a faranti. Wannan ɗan ɗumin yana korar danshin da suka sha, su daku da sauƙi, ƙamshinsu kuma ya buɗe.

In sun huce ki daka. Kirfa ce mai taurin kai, ita za ki fara sa wa taɓarya. Ki tankaɗe a rariya mai laushi, ki mayar da tsakin turmi, ki sake. Bayan zagaye biyu ko uku za a bar ki da tsakin da ya ƙi dakuwa. Ki ajiye shi tare da ɓawon kadamon. A cikin garin mai laushi ki goga gyaɗar ƙamshi, ki juya, sannan ki ɗebi rabin cokalin shayi ki ajiye gefe don saman kek.

Hattara: turmin da aka daka barkono, tafarnuwa ko daddawa a ciki zai ba kek ɗinki labarinsa. In shi kaɗai gare ki, ki wanke, ya bushe, ki daka ɗanyar shinkafa hannu ɗaya a ciki har ta zama gari ki zubar, ita za ta kwashe warin.

Hattara ta biyu, kanumfari. Shi baƙo ne irin wanda in an ba shi gefen tabarma sai ya miƙe ƙafa ya cinye ta duka. Man da ke cikinsa ne yake kashe zafin ciwon haƙori, shi ne kuma zai sa harshen mai cin kek ya yi nauyi in ya yi yawa. Ƙwaya 4 ce iyaka.

3. Jiƙa shayi a madara

Nan ne aikin yake, kada ki yi gaggawa.

In madarar gari ce, cokalin cin abinci 3 a ruwa mililita 150, mai cikakken maiƙo. In ta gwangwani ce ta ruwa, rabi madara rabi ruwa. Ban da mai kaurin nan mai zaƙi da wasu masu shayi ke zubawa, sukarinta zai rikita ma'aunin. In kina da niyyar yin ruwan aisin, wato kwaɓin garin sukari da ake zubawa a saman kek, ki haɗa mililita 200 tun yanzu da ƙulli 4 na shayi, don a samu saura.

Ki zuba madarar a ƙaramar tukunya, ki sa tsakin nan da ɓawon kadamon, ki ɗora a wuta kaɗan. Ki tsaya a kanta. Za ki ga tururi ya fara tashi, 'yan ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya. A nan za ki kashe wuta, kada ta tafasa. Sai ki saka ganyen shayin, ki danna shi ya nutse, ki rufe, ki duba agogo: minti 5.

Kowane baƙin shayi yana yi, ko Lipton ko Highland na tsaunin Mambila ko ganyen da masu shayi ke saye a awo. Koren shayi da masu ɗanɗanon lemo ba sa yi.

Bayan minti 5 ki tace. Ki ɗan danna ƙullin da bayan cokali sau ɗaya, kada ki matse shi har ƙarshe. Madarar za ta fito ruwan ƙasa mai duhu, ta fi shayin da ake sha duhu nesa ba kusa ba. Ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji ta yi ƙarfin da ba za ki so ki sha kofi guda ba, don fulawa da bota za su kwantar da fiye da rabin wannan ƙarfin. In ta yi daidai da sha, to ta yi wa kek rauni, ki ɗumama ki ƙara ƙulli ɗaya na minti 3.

Ki auna mililita 120, wato cokalin cin abinci 8. Ganyen yana shanye wani abu, in bai kai ba ki cika da madara zalla. Sai ki bar ta ta huce sarai. In kina sauri ki tsoma kofin a cikin roba mai ruwan sanyi. In ta yi yana a sama ki sake tacewa.

Hattara: wuce minti 5 ko 6 ba ya ƙara ƙamshi, bauri da ɗaci yake ƙarawa. Masu cewa nasu ya yi ɗaci, yawanci sun bar shayin yana tafasa a cikin madarar ne. Sannan kada ki sa ɗanyar citta a nan, akwai abin da ke cikinta mai tsinka madara mai ɗumi. Busasshiya ba ta yin haka.

4. Shirya wuta

Mai oben ta kunna shi minti 15 kafin ƙullu ya shiga, a digiri 180, wato lamba 4 a oben na gas mai lambobi. Wayar gashi ta zauna a tsakiya. Oben na gas daga ƙasa wutarsa take, yakan ƙona gindin kek saman bai nuna ba, don haka ki sa wani faranti babu komai a layin ƙasa ya tare zafin. Ki ɗaga tukunyar gas ki ji nauyinta tun yanzu. In oben ɗinki na lantarki ne, ki zaɓi lokacin da wutar unguwarku ta fi zama, don ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa.

Mai tukunya kuma ta samu babbar tukunyar dalma mai kauri da murfin da ke rufuwa ruf. Ki zuba gishiri kaurin yatsa biyu a gindinta, ki ɗora 'yar wayar ɗora tukunya ko wani ƙaramin faranti na ƙarfe a kife, yadda kofunan ba za su taɓa gishirin ba. Ki rufe, wuta matsakaiciya, minti 10. A gida Arewa da yashi aka saba, amma yashin da za ki samu a nan jiƙaƙƙe ne, ba ki kuma san inda aka kwaso shi ba. Gishirin zai yi duhu, ba komai, ki adana shi a gwangwani don gashi na gaba.

Hattara: tukunya mai baƙin rufin nan da ke hana kamu, ba a ɗora ta a wuta babu ruwa babu mai. Rufin yana lalacewa, hayaƙinsa kuma ba shi da kyau.

5. Tankaɗe busassun kaya

Fulawa, bakin hoda, gishiri da garin kayan ƙamshi, a tankaɗe su tare sau biyu. Fulawar damina takan yi gudaji, wani lokaci har da ƙwari, rariya ce maganinsu.

6. Buga bota da sukari

Botar ta yi laushin da in kika danna yatsa zai shiga ya bar gurbi, amma ba ta yi ƙyallin mai ba. A littattafan ƙasashen sanyi za ki ga an ce a fitar da ita awa guda kafin aiki. A Legas minti 15 zuwa 20 sun isa, lokacin zafi ma bai kai haka ba.

Ki zuba sukari a kanta ki yi ta bugu. Da miksa minti 4 zuwa 5, da cokalin katako minti 8 zuwa 10, kuma hannu zai gaya miki. Alamar ta yi ita ce launin ya koma fari-fari, ta ƙara yawa, ta yi sauƙi a cokali. Iskar da kike shigarwa yanzu ita bakin hoda zai hura a cikin wuta, in babu ita kek ɗin zai yi nauyi. In sukarinki mai manyan ƙwayoyi ne, ki ɗan juya shi a bilenda na daƙiƙa kaɗan kafin ki fara, ya fi saurin narkewa.

Hattara: in kika ga botar ta fara sakin mai tana zama ruwa-ruwa, ki tsaya. Ki sa robar a firji minti 10, in babu wuta ki zaunar da ita a cikin ruwan sanyi, sannan ki ci gaba. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Shi ya sa na fi son wannan aikin da sassafe ko bayan la'asar, kuma nesa da oben ɗin da ke ɗumama.

7. Ƙwai, ɗaya bayan ɗaya

Ki fasa kowanne a kofi daban tukuna, ko da ya ci gwajin ruwa. Ki zuba na farko ki buga har ya ɓace, sannan na biyu. In haɗin ya yi alamar tsinkewa, ki zuba cokali ɗaya na fulawar da kika tankaɗe ki juya, zai dawo. Filebo a nan yake shiga ga mai so.

8. Fulawa da madarar shayi

Ki ajiye miksa, daga nan aikin cokali ne. Ki raba fulawar kashi uku, madarar kashi biyu. Fulawa, madara, fulawa, madara, fulawa. Kowane zubi ki juya daga ƙasa zuwa sama a hankali, kina zagaya robar, har sai farin garin ya kusa ɓacewa, sannan ki zuba na gaba. Da zarar na ƙarshe ya shige ki ɗauke hannu, ko da kin ga 'yan ƙananan gudaji. Ƙullun zai yi kaurin da zai faɗo daga cokali da kansa in kika ɗan girgiza. In ya maƙale ya ƙi faɗowa, ƙara madara cokali ɗaya.

Hattara: hannun da ya saba tuƙin tuwo yana son ya ga abu ya yi sumul, a nan kuwa yawan juyi ne ke sa fulawa ta yi danƙo, kek ya fito da tauri da dogayen ramuka a ciki. Kuma in madarar da sauran ɗumi, za ta narkar da botar da kika sha wahalar bugawa.

9. Zubawa a kofuna

Kashi biyu cikin uku na kowane kofi, kusan cokalin cin abinci 3. In kika cika, zai tumbatso ya baje a kan faranti sannan tsakiyar ta faɗa. Ki ɗan buga farantin a kan tebur sau ɗaya, ki sa a wuta nan take.

10. Gashi

A oben, minti 18 zuwa 22. Minti 15 na farko kada a buɗe ƙofar, ko yara sun dame ki da ƙamshi ya ishe su. Iskar waje in ta shiga tun cikin kek bai kama jikinsa ba, shi ne yake lotsawa. Bayan nan, in oben ɗinki mai cin gefe ɗaya ne, ki juya farantin da sauri ki rufe.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada ki buɗe. In an riga an wuce minti 14 ko 15, zafin da ke ciki yakan ƙarasa shi, ki ba shi ƙarin minti 10 sannan ki duba. In tun farko-farko ne, ki hanzarta ɗumama tukunyar gishiri ki mayar da su can. Ba za su yi tashin da ya kamata ba, amma za su ciwu.

A tukunya, ki jera kofunan da ɗan tsakani, kada su taɓa jikin tukunyar, ki rufe, ki rage wuta ta koma ƙasa da matsakaiciya. Yakan ɗauki minti 25 zuwa 35, gwargwadon kaurin tukunya da ƙarfin wuta. Kada ki buɗe kafin minti 20. In za ki buɗe, ki ɗaga murfin a miƙe ki kai shi gefe, ki goge gumin da ya taru a cikinsa, don in ya ɗiga a kan kek zai bar tabo mai danƙo. In kin ji ƙauri tun lokaci bai yi ba, wuta ta yi yawa ko gishirin ya yi kaɗan. Mai gawayi ta rage na ƙasa, ta ɗora 'yan garwashi a kan murfi a minti 10 na ƙarshe, saman zai yi ja mai kyau, abin da mai gas ba ta samu a tukunya.

Hattara: launi zai ruɗe ki. Wannan ƙullun tun yana ɗanye ruwan ƙasa ne saboda shayi da kirfa, don haka zai yi kamar ya nuna alhali cikinsa da saura. Ki soka tsinken sakace a tsakiyar na tsakiyar faranti. In ya fito a bushe ko da ɗan ɓurɓushi, ya yi. In ya fito da ƙullu, ƙara minti 3. Ki kuma danna saman da yatsa a hankali, nunanne yana dawowa.

11. Hucewa

Minti 5 a cikin faranti, sannan ki fitar da su ki jera a kan waya ko a bayan rariya, inda iska za ta ratsa ƙasansu. In suka daɗe a farantin, gumi zai jiƙa gindinsu takardar ta saki.

12. Abin da za a sa a sama

Wanda na fi so shi ne mafi sauƙi. Ki narkar da bota cokali 2, ki haɗa sukari cokali 3 da rabin cokalin garin ƙamshin da kika ajiye. Tun kek ɗin da sauran ɗumi ki shafa masa bota a ka, ki kifa shi a cikin sukarin, ki ɗaga. Yana ba da ɗan ƙaras-ƙaras a baki, ƙamshin kuma shi ke fara isa hanci. Ba ruwansa da firji.

Na biyu ruwan aisin ne: sukarin aisin giram 100 a tankaɗe, da ragowar madarar shayi cokali 1 zuwa 2, ana zubawa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin da zai gangara a hankali. Sai kek ya huce sarai ake zuba shi. Ranar da iska ta cika danshi yakan daɗe bai bushe ba, ki sa shi a gaban fanka.

Na uku shi ne kirim ɗin bota da ake murɗawa a sama, wanda ake gani a hotuna. Bota giram 100, sukarin aisin giram 200, madarar shayi cokali 1 ko 2, da garin ƙamshin, a buga har ya yi fari. Yana da kyau a ido, amma bota tana narkewa tun daga wajen digiri 32, kuma ranar Legas a Fabrairu da Maris tana kaiwa nan. In a gida za a ci kuma firji na aiki, bismillah. In za ki kai gidan suna a Agege cikin danfo, ki haƙura da shi, kafin ki sauka ya zame ya koma gefen kwali.

Ajiya

Sai sun huce gaba ɗaya ake rufewa, in ba haka ba gumin da zai taru a robar shi zai kira fumfuna. A roba mai murfi, a inuwa, kwana 2 ne a yanayin nan, na uku ki duba da kyau kafin ki ba yaro. Washegari ma ƙamshin ya fi fitowa, don kayan sun gama ratsa shi. Kiyashi kuma ba sa jiran gayyata, ki zaunar da robar a cikin faranti mai ɗan ruwa. Firji yana busar da kek, sai dai mai kirim wanda ba shi da zaɓi. In firizarki na samun wuta sosai, ki naɗe kowanne a leda ban da ado, zai yi wata guda. In za a ci, a fitar ya saki, a ɗumama shi minti 5 a tukunyar gishirin nan.

In za ki ninka ma'aunin

Komai ana ninka shi daidai, ban da kanumfari da masoro, su ki ƙara rabi kawai. Lokacin jiƙa shayi yana nan a minti 5 ko madarar ta kai lita. Mai tukunya kuma ta lura: tukunyar da ke ɗaukar kofi 6 za ta yi zagaye huɗu kafin ta gama 24, ƙullun ƙarshe zai zauna fiye da awa guda a zafi, bakin hodansa yana aiki a banza. Gara ki daka kayan ƙamshi ki jiƙa madarar duka a lokaci ɗaya, amma ki kwaɓa ƙullun sau biyu, ko ki ari tukunya ta biyu a wurin maƙwabciya ki kunna wuta biyu.